Kwana Uku da Ƙafar Amarya

Masu karatu, kafin ku fara tausaya mini bari in faɗi nawa laifin tukuna. Da kaina na miƙa ƙafar. Ba wanda ya danne ni. Na zauna a kan kujera 'yar tsugunne a tsakar gidanmu na unguwar Wadata a Yamai, na tsoma ƙafafuna biyu a cikin roba, har da dariyata. In na tuna dariyar nan yau sai in ji kamar in kwaɗa wa kaina mari.

Sunana Ramatu, shekarata ashirin da biyu a lokacin, kuma abu ɗaya tak na iya a duniya, shi ne gudu. Tuwona gudaji ne, keken ɗinkin Babana in na hau sai allura ta karye, amma a ce mini je ki bakin kogi ki dawo, kafin kunun safe ya huce na dawo. Tun ina ƙarama ba takalmi nake gudu, har tafin ƙafata ya yi kanta mai kauri kamar tayar kabu-kabu. Ƙaya ta sha karyewa a kai ban sani ba. 'Yan matan layinmu suna yi mini dariya, ni kuwa ko a jikina, don na san da wannan mummunar ƙafar nake wuce samarinsu a guje.

A shekarar da damina ta gaza, sojoji kuma suka karɓi mulki, aka shirya tseren kwana uku a cikin rairayi, daga bayan Baleyara zuwa arewa wajen Filinge, kusan kilomita arba'in kowace rana. Aka ce duk macen da ta kammala kwana ukun za a kai ta sansanin horo na shekara guda a ƙasar waje, amma sai mahaifinta ya sa hannu a takarda. Babana, Malam Abdulaye tela, ya karɓi takardar ya juya ta gaba da baya, ya tura ta cikin aljihun kekensa inda yake ajiye alli da maɓallai.

"In kin gama kwana ukun da ƙafarki, in sa hannu," ya ce. "In mota ta maido ki, zancen gudu ya mutu a gidan nan."

Na ce na yarda. Babana ba ya maimaita magana, ba ya kuma janye ta.

Dokar tseren ita ce kowane mai gudu ya zo da motar danginsa, su ɗauko masa ruwa da abinci, su riƙa tarar sa a tasha duk bayan kilomita goma. Nan Halidu ya shigo. Halidu saurayina ne, haifaffen Yamai, direba a wani biro, wato ofis, da ke unguwar Filato, dogo, mai son farar shadda da turare. Ba wanda ya haɗa ni da shi, ni na gani na ce ina so. Shi ya aro kat-kat, motar shiga rairayi, a wurin abokinsa, shi ya yi zirga-zirgar samo takardar izini, don a lokacin sojoji ba sa barin mota ta yi arewa ba takarda. Kullum da hantsi saƙonsa ke shigowa salulata: "Fofo, sannu barewata. Mota ta samu, ke dai ki ci abinci." Ina karantawa ina rufe fuska da gyale ni kaɗai a ɗaki. Ku yi mini dariya, na cancanta.

Abin da ya ba ni mamaki Innata ce. Inna Habsatu ba ta taɓa zuwa kallon guduna ba ko sau ɗaya, amma ta ce da ita za a tafi. Ita 'yar arewacin Filinge ce, kuma a yunwar tamanin da huɗu, tana da shekara goma sha huɗu, ta tako daga ƙauyensu zuwa Yamai a ƙasa, kwana goma sha ɗaya. Mun tashi da labarin nan kamar yadda wasu ke tashi da tatsuniya. Tana da ƙanwa Mariyama, 'yar lele, wadda ba a taɓa barin ta taka ƙasa ba takalmi. A kwana na shida ƙafar Mariyama ta fashe, ta kasa takawa, aka bar ta a gindin aduwa tare da wata tsohuwa da niyyar a dawo. Ba a sake ganin su ba. Inna takan ɗaga ƙafarta ta nuna mana tafin, ta ce kantar nan ce ta fitar da ita daga ƙasar. Ku riƙe wannan maganar, don ni ban riƙe ba.

Saura mako guda a tafi, Inna ta ce mahaifiyar Halidu za ta zo gaisuwa ranar Talata da ƙawayenta biyu. Kun san irin wannan zuwan, gaisuwa ce a baki, amma ido ne ke aiki. Za a duba tafiyarki, a duba yadda kike ajiye kofin ruwa, in kin durƙusa kuma a duba dugaduganki. Inna ta ce ba za ta ji kunya ba, ta aika aka kira Tanti Zeinabu, ƙanwar Babana, wadda duk amaren Wadata ta hannunta suke bi.

Tanti ta zo da kayan aikinta a cikin kwando: kanwa, lemun tsami, man kaɗe, lalle, da dutsen goge kaushi guda biyu, mai kaifi da mai laushi. Ta kalli ƙafata ta yi salati, ta ce ko mai tallan itace ta fi ni. Na ce mata Tanti a yi a hankali, Juma'a zan yi gudu. Inna ce ta amsa daga bakin murhu, ba ta ko juyo ba.

"Ai takalmi za ki sa. Mi kanta za ta yi miki cikin takalmi?"

Na ga kamar da gaskiyarta. Kwana uku ana jiƙa ni a ruwan ɗumi da kanwa, Tanti tana gurza, fata tana zuba fara-fara a cikin roba. Inna ce ke canza ruwan da hannunta, in ya huce ta ƙaro mai zafi. A rana ta uku aka shafe ni da man kaɗe aka ƙunsa lalle. Da aka kwance, wallahi ban gane ƙafata ba. Jajir, sumul, tafin kamar na jinjiri. Na yi ta juya ta a rana ina kallo. Karo na farko a rayuwata na ji ni ma mace ce kamar kowa, kuma na ji daɗi, ba zan yi muku ƙarya ba.

Ranar Talata na sa atamfa mai ruwan ganye da Babana ya ɗinka mini, na ɗaura kallabi, na durƙusa a gaban baƙi. Mahaifiyar Halidu ta kalli ƙasa ta yi murmushi. Bayan sun tafi saƙonsa ya shigo: "Mama ta ce ƙafarki kamar ba ki taɓa taka ƙasa ba." Na ajiye saƙon, ban goge ba.

Ranar Juma'a da sassafe muka tsaya a layi, mu sittin da wani abu, mata tara. Na sa dogon wando baƙi, riga ruwan ɗorawa wadda Babana ya ƙara mata aljihu a baya don dabino, farin ɗankwali, da lamba arba'in da bakwai a ƙirji. Takalmina na gudu ne mai igiya, na gwanjo, amma lafiyayye. Aka busa usur muka tashi.

Ban taɓa ganin ƙasa irin wannan ba. Gonaki ba ko kara, sai rairayi da ƙashin shanu, wata saniyar ma da igiyarta a wuya. Muka wuce wani ƙauye da rabin gidajensa an toshe ƙofa da ƙaya, mutanen sun tafi. Mata suna tsinkar anza a bakin hanya, wannan 'ya'yan itacen mai ɗaci da sai an jiƙa shi kwana da kwanaki kafin ya ciwu. Suka miƙe suna kallon mu, mutane ƙosassu suna gudu ba abin da ya koro su. Na ji kunya, na sunkuyar da kai na wuce.

A tasha ta farko da ta biyu lafiya lau. Halidu yana riƙe da bido, jarkar ruwanmu, Inna tana miƙo mini dabino tana kallon ƙafata. Wajen kilomita ashirin da biyar na fara jin tafina yana zafi kamar na taka murfin tukunya. Rairayi ya shiga takalmi, abin da a da ko lura ba na yi, yanzu kowace ƙwaya ina jin ta. Na cije na ƙarasa, ni ce ta huɗu a mata. Da na cire takalmi a zango na ga bororo guda biyar, manya, sun ɗago a ƙarƙashin lallen. Halidu ya ce kai, abin ba daɗin gani, ko mu haƙura? Na yi dariya na ce masa gajiya ce ta ranar farko. Inna ta kawo ruwan ɗumi ta ce in jiƙa, na kuwa jiƙa.

Ranar Asabar ba na son tuna ta. Kafin tasha ta farko duk sun fashe. Ina jin safa ta jiƙe ta manne, in na taka sai fata ta zame a kan nama. Na bar gudu na koma sassarfa, daga sassarfa na koma tafiya, in na hango tutar tasha sai in sake tashi don kar a gan ni ina ɗingishi. A kowace tasha Halidu sai ya buɗe ƙofar mota ya tsaya a gefe, kujerar baya an shimfiɗa mata zane, har da matashin kai. Ba ya cewa in shiga, buɗewa kawai yake yi. A tasha ta uku na ce masa in ya sake buɗe ƙofar nan zan fasa gilashin da bido. Na shiga zango bayan azahar, ni ce ta ƙarshe a matan da suka rage, amma na shiga da ƙafata.

Akwai wata ma'aikaciyar jinya da ke bin tseren, Madam Hamsatu, babbar mace mai tabarau. Sai da ta sa almakashi ta yanke safar. Ta daɗe tana kallon tafin, ta taɓa gefen da bai fashe ba, ta ji laushinsa. Ta tambaye ni shekara nawa ina gudu, na ce tun ina firamare. Ta ce to ina kantar? Na gaya mata zancen Tanti da dutse da zuwan baƙi.

"Saura kwana nawa tsere aka yi miki?"

"Huɗu."

Ta cire tabarau ta goge da gefen rigarta. "Ɗiyata, wanda ya sa aka goge ƙafar nan, ko dai bai san rairayi ba sam, ko kuma ya san shi fiye da kowa."

Tanti Zeinabu ba ta taɓa wuce Baleyara ba. Na zauna a kan tabarmar Madam ina kallon motarmu daga nesa, Inna tana zaune a inuwarta tana jan carbi. Zuciyata ta faɗa mini wani abu, na ce mata ƙarya take.

Da la'asar wani soja ya zo yana duba takardun motocin dangi ɗaya bayan ɗaya. Na lallaɓa da ƙafa a naɗe na isa wurin motarmu daidai lokacin da ya karɓi tamu. Ya karanta, ya ce wa Halidu izininsa yau yake ƙarewa, gobe da safe ya juya Yamai, kar ƙarfe takwas ta same shi a wannan gefen shingen sojoji. Na ce ranka ya daɗe kuskure ne, tseren sai Lahadi. Ya miƙo mini takardar. Na san rubutun Halidu kamar yadda na san tafin hannuna, shi ya cike gurbin da kansa: Juma'a zuwa Asabar.

Na buɗe bayan motar. Bidon ruwa duk sun ƙare sai rabin ɗaya. Kwanon dambun da Inna ta yo an kankare shi. Kayan sawar da ta haɗa mini kala biyu ne. Ba wanda ya shirya wa rana ta uku a cikinsu, tun daga Wadata.

Halidu ya fara da cewa mutanen biron ba da izini ne suka matsa, da ya ga ina kallon rubutun sai ya sauke murya. Ya ce Inna ce ta tabbatar masa ba zan wuce kwana biyu ba, shi kuma bai ga amfanin roƙon kwana uku ba. Na tambaye shi zuwan mahaifiyarsa ranar Talata fa, wa ya tsayar da ranar? Ya kalli takalminsa.

"Ramatu, shekara guda fa za ki yi. Ni son ki nike. Wane namiji za shi yarda?"

Wato so ne. Kwana biyu yana tsaye da bido yana kallon jini na fitowa ta igiyar takalmina, yana buɗe mini ƙofa, duk so ne. Ban zage shi ba, ba don ban iya ba, sai don na ga bai kai ba. Na zagaya inda Inna take.

Ba ta jira na tambaya ba. Ta ajiye carbin a cinya ta ce eh, ita ce. Ita ta ce a kira Tanti, ita ta zaɓi ranar, Tanti ba ta san komai ba, Babana ma bai sani ba. Ta faɗa kamar mai ba da labarin cefane. Na ce Inna, ke da bakinki kika gaya mana abin da ya kashe Mariyama.

"Shi ya sa na san zai yi aiki," ta ce.

Ta nuna rairayin da haɓa, ta ce kwana goma sha ɗaya ta yi tana fita daga ƙasar nan don kada abin da za ta haifa ya taka ta, ta ci anza har bakinta ya tsage, ta bar 'yar uwarta tana kiran sunanta. Yau ga ɗiyarta ta dawo wurin da lamba a ƙirji, ana tafa mata, mata masu yunwa suna kallo. Ta ce in ƙafar ce ke kai ni, gara ƙafar ta lalace in zauna inda take gani na. Na tsane ta a wannan lokacin, tsana ta gaske, kuma Allah ya sani har yau ban gama wanke ta daga zuciyata ba.

Na koma wurin masu tseren na tambaya. Suka ce wanda ba shi da mota zai iya ci gaba in ya sa hannu cewa ya ɗauki nauyin kansa, amma ruwansa sai abin da ya goya, da lita biyu da za a ba shi a tsakiyar hanya. Madam Hamsatu ta ce in da 'yarta ce ba za ta bari ba. Na ce mata na ji, na karɓi alƙalami.

Ranar Lahadi bayan sallar asuba Halidu ya tayar da mota. Taku goma ne tsakaninmu amma saƙo ya turo: "Ki shigo don Allah. Mama tana jiran mu da abincin rana." Na karanta, na goge shi, na goge na ranar Talata ma. Inna ta fito daga bayan motar da mayafinta na toka, ta ajiye jakata a gabana, ta tsaya. Na ɗauka za ta roƙe ni. Ina ma ta roƙa.

"Aduwar da na bar Mariyama tana gabanki, in ba a sare ta ba," ta ce. "Ranar nan ban waiwaya ba. Yau ma ba ni waiwayawa."

Ta shiga gaban mota ta ja ƙofa. Na tsaya ina kallon ƙeyarta ta gilashin baya har suka hau tudu suka sauka. Na yi ta jira mayafin nan ya motsa ko kaɗan. Bai motsa ba.

Aka fara kiran lambobi. Na zauna a ƙasa na buɗe jakar don in nemi safa, sai hannuna ya taɓa wani ƙunshi da ba ni na sa ba. Zanen Inna ne, shuɗin nan na bikinta da take ajiyewa a ƙasan akwati, wanda ko taɓawa ba ta bari mu yi. An yayyaga shi tsiri-tsiri, faɗin yatsa uku, an naɗe kashi biyu, ɗaya na dama ɗaya na hagu, da ɗan gwangwanin man shanu a tsakiya. Haka ta ce suna ɗaure ƙafa a hanyar tamanin da huɗu. Gefen tsummokin ba zare ko ɗaya da ya zaro, an bi su da kalmasa, kuma a wannan dajin ba keke. Tun a Wadata ta yi su, a makon da take ƙara mini ruwan zafi a roba.

Ta sa an goge mini ƙafa don in faɗi, ta kuma san ko da hakan ba zan shiga motar ba. Na rasa wanne zan yi kuka a kai, don haka ban yi ba. Na shafa man, na ɗaure dama, na ɗaure hagu, na tura su cikin takalmi ina cije gefen ɗankwalina.

"Arba'in da bakwai," mai kira ya ce, karo na biyu.

Kilomita talatin da takwas ne tsakanina da aljihun keken Babana, ruwana lita uku, kuma a wani wuri a gabana akwai aduwa. Na dafa ƙasa na miƙe. Kafin a busa usur, shuɗin zanen Inna da ya leƙo ta bakin takalmina na dama ya riga ya fara yin ja.